Bindigar da Ba Ta Kaiwa

Da hantsi aka tsinci Habiba matar Buba kwance a kan burtalin da ya bi ta bayan Tungar Maje ya nufi Nahuce. Nono ya malale a ƙasa, jini ya jiƙa mata kafaɗar hagu. Tana da rai, har tana magana. Abin da ta iya faɗa shi ne, tana cikin tafiya da ƙwaryarta a ka, sai ta ji kamar an soka mata tsinke mai zafi. Ba ta ga kowa ba.

Kafin azahar likita a Gusau ya zaro mata wani ɗan mitsitsin harsashi wanda bai fi ƙwayar wake ba. Kafin la'asar mutanen Tungar Maje sun gama shari'a a bakunansu.

Ai abin ba ya buƙatar dogon tunani. 'Yan bindigar daji ba sa harbi da irin wannan, maharba kuma bindigar toka suka sani. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar Bungudu ke da bindigar da ke cin ɗan ƙaramin harsashi haka, shi ne Baba Haliru, tsohon ɗan sanda. A zamanin ƙuruciyarsa gasar harbi yake zuwa, ya kuma yi ritaya da wata tsohuwar fistol mai dogon baki, wadda aka sassaƙa mariƙinta daidai tafin hannunsa. Da safen nan an ji ƙarar harbi daga wajen gidansa. Sannan kowa ya san watan jiya shanun Buba sun cinye masa wake, har ya ce a gaban jama'a, "Buba, maganar ga ba ta ƙare ba."

Sufeto Mahadi ya karɓe bindigar, ya ce zai wuce da tsohon Gusau a tuhume shi da yunƙurin kisa. Mai gari ne ya roƙe shi ya ɗan saurara. Haliru ya haura saba'in, ga ciwon suga. In ya shiga gidan yari, gawarsa za a fitar.

"A kira Tambaya tukuna," in ji mai gari. "In shi ma ya ce Haliru ne, to, na cire hannuna."

*

Tambaya mai bin sawu ya sha dawo da shanun da aka sace tun daga dazuzzukan Tsafe. An ce yana iya gane sawun saniya mai ciki a kan fako. Amma ranar nan ya zagaye burtalin har ƙafafunsa suka gaji, bai samu abin da ya zo nema ba. Ga sawun Habiba, ga inda ta faɗi, ga sawun matan da suka ɗauke ta. Ya duba bayan kowace kalgo da kowane suri da mutum zai iya laɓewa. Babu wanda ya tsuguna, babu wanda ya tsaya.

Sabiru shugaban 'yan sintiri yana biye da shi, baki bai huta ba.

"Malam Tambaya, wahala kake ba kanka. Mi zai kawo Baba Haliru nan? Daga tsakar gidanai ya auna ta. Mutumin da anka ce shina cire idon zabo daga nan har Nahuce!"

Tambaya ya juya ya dubi garin. Daga nan, gidan Haliru ɗan tsiriri ne a gefen gari, sai dai ka gane shi da doguwar ɗorawar da ke bayansa. In mutum ya tsaya can, ba ka bambance namiji da mace.

"Kai ka taɓa ganin ya cire idon zabon?"

"Ubana ya gani."

"Allah ya jiƙan ubanka, shi ma ji ya yi."

Ƙwaryar Habiba tana nan kife inda aka bar ta, ƙudaje na bi. Tambaya ya ɗauka ya juya ta. Akwai ƙaramar huda a gefen faifan da aka rufe ta da shi, da wata a leɓen ƙwaryar. Ya tsinko kara siriri ya zura ta cikin hudojin biyu, ya ɗora ƙwaryar a kansa. Sabiru ya tuntsire da dariya.

"Nawa ne nonon, Inna?"

Tambaya bai kula shi ba. Ƙasan karan yana taɓa masa kafaɗa. Samansa kuwa bai nuna gari ba, bai nuna daji ba. Sama ya nuna.

*

Ya sami Baba Haliru zaune a zaure, ya sa farar riga da hula kamar mai shirin tafiya. 'Yan sintiri biyu na gadin ƙofa.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lahiya lau, Tambaya. An ce kai anka ɗauko mini."

"Baba, kai ka harbi matar Buba?"

"Bindigata ce."

"Na san bindigarka ce. Kai ka harba?"

"Bindigata ce, a gidana take, ni ke da alhakinta. Ka hwaɗa wa Sufeto ya daina ɓata man mota."

"Ina kake da hantsi?"

"Gida."

"An ce an gan ka a gona."

"Wanda ya gan ni, idonai ne da ciwo."

Matarsa Inna Ma'u ta shigo da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin mayafi. 'Yar tsohuwa ce siririya, idanunta sun kumbura. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ma'u, koma ciki," Haliru ya ce, ba da tsawa ba. Ta tsaya jim, sannan ta koma.

Tambaya ya sha ruwan ya fita da nauyi a zuciya. Ya ga masu laifi da yawa a rayuwarsa. Suna rantsuwa, suna kuka, suna kawo shaidu. Bai taɓa ganin wanda ke ƙaryata shaidar da za ta wanke shi ba.

*

Washegari ya hau mota zuwa Gusau. A barandar asibiti ya sami Buba, dogon Bafillace, sandarsa a kan cinya.

"Jam, Buba? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Sun ce bai shiga can ciki ba, ƙashi ya tare shi." Ya gyara riƙon sandarsa. "Malam Tambaya, ni da Haliru faɗanmu na wake ne. Na ce in biya, ya ce shi ba biya yake so ba, haƙuri yake so in ba shi gaban mutane. Ni kuma girman kai ya hana ni. Amma ya harbi mace? Zuciyata ta ƙi ɗauka. Ka duba Sabiru. Shi ke tare matanmu a hanya yana cewa su ke kai wa 'yan daji labari. Kuma kullum yana gidan tsohon nan yana roƙon a bar shi ya riƙe bindigar."

Zancen ya shiga kan Tambaya. Ya tsaya tashar Mada ya tambayi direbobi. Ba a ɗauki lokaci ba zargin ya rushe: Sabiru tun sassafe yake kasuwar Mada ranar, yana rigima da wani dillali a kan rago, rabin kasuwa sun raba su. Sai bayan an kai Habiba asibiti ya dawo gari.

Ya wuce ofishin Sufeto Mahadi. Sufeton mutum ne mai sauƙin kai, ya juye masa harsashin daga 'yar kwalba a tafin hannu.

"Ga shi. Ni ma ba na son kai tsohon nan kotu, amma ya amsa da bakinsa. Me zan yi?"

Tambaya ya kai harsashin kusa da taga. Kan ya ɗan lotse, amma jikinsa na sheƙi, ja kamar sabon kwabo.

"Ranka ya daɗe, wa ya san bindigar nan in ba Haliru ba?"

"Akwai wani Yusha'u a Tsafe. Shi ne mai kula da ɗakin makamai a zamaninsu. In bai mutu ba."

"Ara mini wannan."

"Ba a arawa." Sufeton ya ɗauki makullin mota. "Amma ana raka shi."

*

Yusha'u bai mutu ba. Suka same shi a ƙofar gida yana gyaran keken ɗinki, da tabarau ɗaure da zare. Da ya ji sunan Haliru sai ya ajiye sukundireba.

"Haliru da Amaryarsa! Haka muke kiran bindigar. Tu-tu ce."

"Tutu?" in ji Tambaya.

"Kai, ɗan ƙauye, lambar harsashin ke nan. Ko da yake in ka ga ƙanƙantarsa, sunan ya dace."

Tambaya ya ba shi labari duka, har da zancen idon zabo. Tsohon ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Mutane da ƙari! Saurara. Bindigar gasa ce, don huda takarda aka yi ta. A taku ashirin da biyar, Haliru zai zuba maka harsashi biyar a cikin murfin kwalba. A taku hamsin, tafin hannu, in babu iska. In ka kai ɗari, harsashin ya fara sunkuyawa, iska tana wasa da shi kamar tsohuwa da zani. Daga nan kuma sai addu'a. A nisan da kake faɗa, ko rumbu ka kafa masa bai same shi, balle mace mai tafiya."

"To ba ta kaiwa ke nan?" in ji Tambaya.

"Wa ya ce maka? Saiti ne ba ya kaiwa. Shi harsashin, in ka ɗaga baki sama, sai ya tsallake gari da gonakinsa ya faɗo kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma da sauran ƙarfinsa. Abu na farko da ake koya wa yaro ke nan."

Sufeto ya miƙa masa kwalbar. Yusha'u ya gyara tabarau, ya duba sau ɗaya, ya mayar.

"Ba Haliru ba ne."

"Ya amsa fa, Baba," in ji Sufeto.

"Ko ya rantse da Alƙur'ani. Iri biyu ne harsashin nan. Akwai mai ruwan toka, darma zalla, an shafa masa kaki, mai sanyin gudu. Shi Amarya ke ci, shi ke tafiya a miƙe. Wannan ja kuwa an wanke shi da jan ƙarfe, mai zafin gudu ne, na harbin zomo da doguwar bindiga. In ka sa wa tsohuwar fistol, yana dukan cikinta kamar guduma, ya warwatsa maka saiti, wata rana ya tsaga ta. Na taɓa miƙa wa Haliru ja a filin atisaye bisa kuskure, wallahi sai da ya yi sati bai gaishe ni ba. Ya fi son ya ci ƙasa da ya sa mata wannan. Wanda ya harba shi bai san bindigar ba."

"Yaya ake gane wanda bai santa ba?" Tambaya ya tambaya.

"Ka duba hannunsa. Samanta yana zamowa baya da ƙarfi in ta tashi. Baƙo yakan ɗora babban yatsan hagu a wurin, sai ta cije shi."

Tambaya ya miƙe, ya ce wa Sufeto su koma Tungar Maje.

*

Da suka iso Tungar Maje bai shiga zauren Haliru ba, ya zagaya ta bayan katanga. Ɗorawar nan doguwa tana tsaye, a ƙasanta akwai gashin 'yan tsaki a warwatse, sabo da tsoho. Ya leƙa ta kan katanga: akurki an lulluɓe shi da ƙaya, kaza tana yawo da ɗan tsako ɗaya tak. Ya tsaya daidai saitin akurkin, ya dubi reshen sama, ya miƙa idonsa gaba. Can nesa, burtali ne.

Ya daɗe a tsaye. Sawun ya ƙare, kuma bai ji daɗin inda ya ƙare ba.

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai gari. An sallamo Habiba, tana zaune cikin mata a bakin soro, hannunta a rataye da ƙyalle. Buba da 'yan'uwansa suna gefe ɗaya, sanduna a hannu. Sabiru da yaransa suna ɗaya gefen. Baba Haliru yana tsakiya a kan tabarma. Bindigar tana gaban Sufeto a cikin akwatinta na katako.

Tambaya ya miƙe.

"Jama'a, an ce Baba Haliru ya tsaya gidanai ya auna Habiba a burtali. Baba, a gaban Allah, Amaryarka tana iya haka?"

Tsohon ya dubi akwatin. Gaskiyar sana'a da abin da yake ɓoyewa suna ja-in-ja a fuskarsa.

"Tana iyawa," ya ce a hankali.

"To ranka ya daɗe, a ba shi ita. Ga turmi can a taku ɗari. Ya same shi sau ɗaya cikin uku." Tambaya ya ciro wani ƙaramin kwali daga aljihu, wanda Sufeto ya kwaso tare da bindigar. "Ga harsashi. Irin wanda anka ciro a kafaɗar Habiba."

Ya zuba jajayen a tafin tsohon. Haliru ya dube su. Ya ɗauki bindigar, ya shafa mariƙinta da babban yatsa. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin gidan harsashi. Hannunsa ya tsaya.

"Sa mana, Baba," in ji Sabiru.

"Rufe mini baki!" Haliru ya daka masa tsawa. Ya runtse ido, ya fara turawa.

"Malam, bari!"

Inna Ma'u ce. Ta fito daga cikin mata, mayafinta ya zame, babban yatsanta na hagu ɗaure da tsumma da jini ya bushe a jiki.

"Ma'u, koma."

"Ba ni komawa. Kwana biyu kana cewa in koma." Ta durƙusa gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, ni ce. Malam shina gona. Shaho ne ya ƙare mini 'yan tsaki, kullum sai ya ɗauki ɗaya ya hau ɗorawa shina ci ina kallo. Na yi jihwa, na yi ihu, na sa ƙaya. Ranar nan ya ɗauki na gaban idona, raina ya ɓaci. Na san inda makulli yake. Tun ina amarya nike kallon yadda ake ɗura ta."

"Me ya sa kika sa ja, Inna?" Sufeto ya tambaya.

"Masu ruwan tokar ba ya son a taɓa mai su, sun yi wuyar samu. Jajayen kuwa ɗanmu ya kawo mai tsaraba, ya jefa su bisa katanga ya ce na banza ne. Na ce to na banza ya ishi shaho." Ta waiwayi Habiba. "Kuma ban san akwai haɗari ba. Tunda anka kawo ni gidan ga nike jin shina hwaɗa wa baƙi, in ta wuce taku hamsin ba ta kaiwa. Ba ta kaiwa, ba ta kaiwa. Na ɗauka nan bayan katanga zai hwaɗi."

Haliru ya ajiye bindigar, ya dafe kai da hannu biyu.

"Saiti nike nuhi, Ma'u. Saiti." Ya ɗago ya dubi mai gari, hawaye na bin gemunsa. "Kun ji ko? Bakina ne ya harbe ta. Na koya wa kuratan 'yan sanda ba iyaka, ban taɓa zama na koya wa matar da ke kwana ɗaki ɗaya da bindigar ba. Ku tahi da ni, ku bar tsohuwar ga."

Idanu suka koma kan Buba. Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa, sannan ya miƙe.

"Na zo nan ne in ji ko an nufi matata da sharri. Ba a nufe ta ba." Ya matso ya tsuguna gaban tabarmar. "Baba Haliru, shanuna sun ci maka wake. Ka yi haƙuri. Ga mutane suna ji."

Tsohon ya kama hannunsa, ya riƙe gam.

Sufeto Mahadi ya rufe akwatin. "Zancen yunƙurin kisa ya faɗi. Zan kai rahoto yadda abin ya faru, kuma maganar wadda aka ji wa rauni tana da nauyi a wurinmu. Amma Baba, wannan ba za ta sake kwana a gidanka ba."

"Na sani." Haliru ya share ido. "In za ku ajiye ta, a shafa mata mai kaɗan. Kada kowa ya sa mata ja."

Inna Ma'u ba ta tashi ba. Ta ja gwiwa har gaban Habiba, ta sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, ban da bakin roƙonki. Duk abin da kika ce a yi mini, a yi."

Habiba ta dube ta. Ta san tsohuwar nan, ta sha tsayawa ƙofarta ta sha ruwa a hanyar talla. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta ɗago mata haɓa.

"Inna, abu ɗaya nake son ji. Shahon fa? Kin same shi?"

Ma'u ta girgiza kai. "Ko tashi bai yi ba. Sai da ya gama ci."

Habiba ta fashe da dariya, ta dafe kafaɗa don zafi, dariyar ta ƙi tsayawa. Matan soro suka ɗauka, sannan mazan, har 'yan'uwan Buba suka jingine sanduna.

"To tashi, Inna," ta ce tana share hawaye. "Gobe ki zo ruga ki dama mini fura har hannun nan ya warke. Kazar ma ki taho da ita. Mu can karnuka muke da su, shaho ba ya sauka."